Na'urorin karanta littattafai masu fuska biyu

Tun bayan da kamfanin Amazon ya fito da na'urar Kindle a shekarar 2007, kamfanoni da dama sun yi ƙoƙarin ƙera na'urar da za a riƙa buɗewa kamar littafi, shafi ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Sai dai akasarin irin waɗannan na'urori ba su yi tsawon rai ba, kuma waɗanda suka saye su ne suka kwana a ciki.

Tarihinsu

A shekarar 2010 wani kamfani a Amurka ya fito da enTourage eDGe, mai fuska ɗaya ta karatu, ɗaya kuma ta shiga intanet. A 2011 aka daina ƙera ta.

A 2010 ɗin ne kuma Microsoft ya yi watsi da shirinsa na ƙera wata mai suna Courier, tun ba ta shiga kasuwa ba.

Kamfanin ya sake gwadawa a watan Satumban 2020 da wayar Surface Duo, wadda aka sayar a kan dala 1,399. Masu karatu sun yaba da ita, saboda tana nuna shafi biyu a lokaci guda.

Amma a 2023 Microsoft ya daina sabunta manhajarta, sannan a 2024 ya yi haka ga ta biyun da ta biyo baya.

Me ya sa suke mutuwa?

Fuska biyu na ƙara tsada da nauyi, suna kuma shan batir. Haka nan masu ƙirƙirar manhajoji ba su cika wahalar da kansu a kan na'urar da masu ita 'yan ƙalilan ne ba.

A yanzu kamfanoni irin su Samsung da Tecno sun fi karkata ga waya mai fuska ɗaya da ake naɗewa.

A Nijeriya

An taɓa ganin makamancin haka a 2007, lokacin da aka gwada ƙaramar kwamfutar yara ta XO a wata makarantar firamare da ke Galadima, kusa da Abuja. Fuskarta ɗaya ce, amma ana juya ta a kwantar domin karatu. Shirin bai bazu a ƙasar ba kamar yadda aka yi fata.

A yankunan Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, wayar hannu ta yau da kullum ce abin karatun jama'a, ko Alƙur'ani ne, ko littattafan fiƙihu, ko na adabin Hausa.

Dalili kuwa shi ne mai gyara a Yelwa zai iya samo gilashi ko batirin wayar da kowa ke riƙewa, amma da wuya ya samo na wadda aka daina ƙerawa.

Ga kuma batun wuta: duk da kusanci da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, caji ba abu ne mai sauƙi ba a ƙauyukan masunta na bakin tafkin.

Makomar littattafan

Asarar ba a na'ura kaɗai take tsayawa ba. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu.

A ƙarshen Nuwamban 2023 kuma dandalin OkadaBooks na Nijeriya, inda marubutan Hausa ke sayar da ayyukansu, ya dakatar da aiki.

Littafin da ke cikin tsarin PDF ko EPUB, wanda ba a kulle shi ba, ana iya kwafe shi a katin waya, a kuma buɗe shi a kowace na'ura. Wanda aka kulle kuwa, ransa na hannun kamfanin da ya sayar da shi.