Farfela a Gulbin Kebbi: injin da ya karɓu da wanda bai karɓu ba

Tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, ƙarfin Kebbi a kan ruwa yake. Bayan Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, fadamar gulbin, har da wadda Kalgo ke bakinta, ta koma ƙarƙashin Gwandu. Sarauta ta sauya, amma kwale-kwale bai sauya ba: katako ne da filafili da ƙarfin damtse.

Inji daga waje ya zo, kuma iri biyu ne. A 1909 Ole Evinrude ya ƙera a Amurka wanda ake ratayawa a bayan jirgi. A 1959 kamfanin Volvo Penta na Suwidin ya fito da Aquamatic, bisa ƙirar Jim Wynne: injin na zaune cikin jirgi, ƙafarsa mai ɗauke da farfela tana waje. Girka shi sai an huda katangar baya, an daidaita sandar inji da ƙafar, an toshe mahaɗar da roba. In saiti ya kauce, ƙarfe ya ci ƙarfe. In robar ta tsage, ruwa ya shigo.

Shi ya sa na ratayawa ne ya karɓu a nan. Gulbin yana cika da damina, ya janye da rani ya bar tudun yashi, katako kuma yana kumbura yana motsewa, ba ya riƙe saiti. Na ratayawa kuwa a ɗaga shi a wuce yashi, a kwance shi a kai wa makaniki a kan babur.

Ƙa'idar farfela dai ɗaya ce ga duka biyun. In ta yi sama, iska take sha, inji ya yi ta kuka jirgi bai tafi ba. In ta nutse da yawa, ruwa ya riƙe ta, mai ya ƙone a banza.

Sai dai inji gudu ya ƙara wa jirgi, bai ƙara wa katako ƙarfi ba. A watan Mayu na 2021, kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, wani jirgi ya nutse a Kogin Neja, fiye da mutum 100 suka salwanta, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Da can gajiyar matuƙi ce ke iyakance kaya. Yau da inji ya kawar da ita, sai doka da tsoron Allah.