Tullochgorum: Kiɗan Rawa da Faston Longside

A arewacin ƙasar Sikotlan akwai wani kogi da ake kira Spey. Kwarin wannan kogi shi ne Strathspey, daga gare shi kuma wani irin kiɗan rawa ya sami sunansa. Da goge ake yin sa, amma ba irin na Hausawa mai tsirkiya ɗaya ba. Nasu tsirkiya huɗu gare shi, a ƙarƙashin haɓa ake dafe shi. Kiɗan ba ya gaggawa. Alamarsa ita ce gajeren sauti da kan yi tsalle ya riga dogo, kamar mai tafiya da ya yi ɗan tuntuɓe da gangan.

Cikin irin waɗannan kiɗe-kiɗe ba wanda ya kai Tullochgorum suna. Sunan wani wuri ne a kwarin, gidan wani reshe na zuriyar Grant, ma'anarsa kuwa a harshen Gaelik koren tudu. Kiɗan ya daɗe yana yawo daga hannun makaɗi zuwa makaɗi kafin Robert Bremner ya buga shi cikin littafinsa na kiɗan rawa a birnin Edinburgh a 1757.

Wanda ya ɗaukaka shi kuwa ba makaɗi ba ne, fasto ne. An haifi John Skinner a 1721. Ya tashi cikin ikilisiyar dattawa, wato Presbiteriya, daga baya ya koma ikilisiyar Episkofal mai bishop. A 1742 ya zama faston ƙauyen Longside a yankin Aberdeen, ya yi fiye da shekara 60 yana kiwon garken nan.

Zamani ne mai wuya. A 1745 magoya bayan gidan sarautar Stuart suka yi tawaye, aka murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746. Da yake da yawa cikin 'yan Episkofal suna tare da gidan Stuart, hukuma ta huce a kan ikilisiyar gaba ɗaya. Sojoji suka ƙone ɗakin sujadar Skinner. Aka kafa doka mai hana irin waɗannan fastoci yin sujada da fiye da mutum huɗu banda iyalinsu. Mai karatu ya duba: makiyayi da ɗaruruwan tumaki, an ce ya ciyar da huɗu kaɗai! Skinner bai daina wa'azi ba, saboda haka a 1753 aka jefa shi kurkuku na wata shida.

Irin wannan mutum, da ya riƙe ɗaci a zuciya ba wanda zai ga laifinsa. Ga abin da ake bayarwa labari. Wata rana ya je baƙunci garin Ellon, gidan wata mata, Uwargida Montgomery. Gardamar siyasa ta kaure tsakanin baƙin, har rai ya soma ɓaci. Don ta kashe wutar, sai matar ta juya ga faston ta ce Tullochgorum kiɗa ne mai daɗi amma ba shi da waƙar da ta dace da shi, ko zai yi masa? Ya kuwa yi. Waƙar ta fito a rubuce wajen 1776. A cikinta ya kira 'yan jam'iyyun Whig da Tory, waɗanda ba sa ga maciji da juna, su ajiye faɗa su shiga fili ɗaya su taka rawa. Ya kuma ɗan yi wa kiɗan Italiya ba'a, wanda manyan gari ke yayi a lokacin.

Ba dukan masu bi a Sikotlan ne suka yarda da goge ba. A zamanin farkawa ta ƙarni na 19, a tsibirin Skye an tara gogaye an cinna musu wuta. Skinner dai bai ga saɓani tsakanin bagadi da farin cikin jama'a ba.

A 1787 Robert Burns, babban mawaƙin ƙasar, ya sadu da ɗan Skinner, wanda yake bishop a Aberdeen. Daga nan ya shiga musayar wasiƙa da tsohon, ya shaida masa cewa a ganinsa Sikotlan ba ta taɓa samun waƙar da ta fi wannan ba. An sassauta dokokin da suka matsa wa 'yan Episkofal a 1792, Skinner yana da rai. Ya rasu a 1807, shekara ɗaya da Niel Gow, sarkin gogen zamanin. Daga baya wani makaɗi, James Scott Skinner, wanda ya rasu a 1927, ya ƙara wa kiɗan salo iri iri masu wuyar kaɗawa, har ya zama abin gwada gwanintar masu goge.