Sanƙarau a Ƙasar Gumel da Tarihin Neman Sunan Ƙwayarsa

A ƙasar Gumel babu dattijon da ke jiran likita ya gaya masa lokacin sanƙarau. Idan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, bazara ta biyo baya da zafinta, sai a fara jin yaron wane ya kwanta da zazzaɓi, wuyansa ya sandare, kuma ba a samun sauƙi sai damina ta sauka. Likitocin Turawan mulki sun rubuta labarin annobar a Zungeru tun 1905, a 1963 kuma likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana zirin ƙasashen da take addaba, wanda yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha. Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna cikinsa tsundum. To amma sanin ciwo daban, sanin ƙwayar da ta kawo shi daban, kuma tarihin yaƙi da sanƙarau ya nuna cewa ci gaban da ya ceci garuruwa ya biyo bayan sani na biyun ne.

Kayan aikin wannan sani sun haɗu cikin shekara bakwai kacal. A 1884 Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da hanyar rina bakteriya: a shafa samfur a kan gilashi, a zuba rinin shuni da aidin, a wanke da sinadari, sannan a bi da jan rini. Masu kaurin bango suna riƙe shunin, masu siririn bango su sake shi su koma ruwan hoda. A 1887 Anton Weichselbaum ya ware ƙwayar meningokokas a Biyana, a 1891 kuma Heinrich Quincke ya nuna yadda za a ɗebi ruwan laka da allura ta gadon baya. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau gurɓatacce. A ƙarƙashin madubin likita meningokokas na bayyana biyu-biyu, ruwan hoda, kamar ƙwayar wake biyu da suka fuskanci juna, yayin da numokokas, wadda ita ma ke kawo ciwo iri ɗaya, take fitowa da shuni. Sai dai rini bai isa ya raba dangogin meningokokas ba, waɗanda aka laƙaba wa haruffa A, B, C, W, X da Y gwargwadon rigar sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar.

Raba su a da sai an shuka ƙwayar a faranti, an ajiye ta cikin ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Ita kuwa ƙwaya ce mai raki: sanyi na kashe ta, bushewa na kashe ta, idan majinyaci ya riga ya sha magani ba ta tsirowa. Asibitin karkara da ba shi da tsayayyar wuta ya yi asara tun kafin ya fara. A nan arewa aka nemi mafita. A shekarun 1970, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun gwada hanyoyin gano sukarin rigar ƙwayar kai tsaye cikin ruwan laka, har da gwajin leteks, inda ɗigon ruwan ke dunƙulewa cikin 'yan mintuna idan ya haɗu da sinadarin da ya dace da danginsa. Ba a cika tuna wa Zariya wannan aiki ba, alhali kuwa ta cancanta.

Mai ja zai ce duk wannan wahalar banza ce, kuma hujjarsa na da ƙarfi. Ma'aikacin lafiya a Gagarawa yana gane sanƙarau da ido da hannu, allurar seftiriyazon na kashe ƙwayar ko da wane harafi take amsawa, kuma wanda ya tsaya jiran sakamako kafin ya fara magani ya yi ganganci. Duk gaskiya ne. Gwajin ba domin yaron da ke kwance kaɗai ake yinsa ba, domin 'yan ajinsu ne da maƙwabta da ba su kamu ba tukuna, saboda rigakafi, saɓanin magani, yana tambayar harafi. Bayan annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, an kafa rumbun rigakafi na duniya a 1997, kuma ba a buɗe shi sai ƙasa ta kawo shaidar ɗakin gwaji kan dangin da ke yawo. Tarin irin wannan shaida ne ya nuna cewa dangin A ke haddasa mafi yawan annoba, aka ƙera rigakafin MenAfriVac, aka fara shi a 2010, ya iso Jigawa a ƙarshen 2011. Dangin A ya kusan ɓacewa. Sai ga sabon nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya ratsa Nijar a 2015, ya tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya kashe fiye da mutum 1,100 a Najeriya. A idon mai duba majinyaci babu abin da ya sauya, wuya ne dai ya sandare kamar kullum. Ɗakin gwaji kaɗai ya ga cewa abokin gaba ya canza.

Ƙasar Gumel ta ga haka a gida. A ƙarshen 2022 cutar ta tashi a jihar Damagaram ta Nijar, musamman gundumar Dungas, kuma duk wanda ya san yadda jama'a ke kwarara kasuwar Maigatari ran Alhamis bai yi mamakin ganinta a wannan ɓangaren ba. Iyakar ma ta raba ƙasa ɗaya ce, tunda sarakunan Gumel sun zauna a Tumbi, cikin Nijar ta yau, kafin su tare a Gumel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Najeriya daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, kusan kashi uku bisa huɗu daga Jigawa, Maigatari da Sule Tankarkar na kan gaba. Cikin samfuran da gwajin PCR ya sami ƙwaya, fiye da kashi 90 cikin 100 dangin C ne, kuma da wannan amsa aka yi rigakafin gaggawa a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a watan Maris na 2023.

Akwai masu ganin cewa zuwan rigakafin Men5CV ya rufe maganar. Najeriya ce ta fara amfani da shi a duniya, a Maris na 2024, Jigawa na cikin jihohin farko, kuma ya haɗa A, C, W, X da Y a allura guda. Ba na jin ya rufe ta. Bai taɓa numokokas ba, bai taɓa dangin B ba, kuma ba za a san yana aiki ba sai an ci gaba da gwada waɗanda suka kwanta. A annobar 2023 ba a ɗebi ruwan laka ba sai daga ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na majinyata. Wasu iyaye na tsoron allurar baya za ta gurgunta yaro, alhali ana shigar da ita ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma gurguntar da kurumtar da ake gani aikin cutar ne. Wani lokaci kuma kwalbar da ke raya ƙwayar a hanya ce babu, ko motar da za ta kai samfur babban ɗakin gwajin ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. PCR na gano ko da matacciyar ƙwaya, amma sanin ko magani ya fara gazawa a kanta ya fi tabbata idan an same ta da rai, kuma hakan ya dogara ne kan ma'aikacin da ke riƙe da samfurin a sa'ar farko a asibitin Gumel ko na Maigatari.