Damuwar da kan biyo bayan raunin hannu

Karaya ko yanka a hannu kan warke cikin makonni ko 'yan watanni, amma likitoci sun daɗe da lura cewa firgici da ƙuncin zuciyar da ke biyo baya kan fi ciwon kansa daɗewa.

Lamarin ya fi tsanani a yankunan da jama'a ke ci da ƙarfin damtsensu, irin su Kurugu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a yammacin jihar Kano, inda noma ne babbar sana'a, ga kuma kamun kifi da noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992.

A irin waɗannan wurare hannu kan gamu da injin markaɗe, da injin sussuka, da injin matsar rake na masu mazarƙwaila, da lauje, da haɗarin babur.

Akwai kuma ɗorin da aka ɗaure tamau. Idan karan ɗori ya hana jini gudana, hannu kan ruɓe, har ta kai ga yankewa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha kokawa kan wannan, musamman a kan ƙananan yara.

Abin da ya sa hannu ya bambanta

Mai rauni a baya ko a cinya ba ya ganin ciwonsa sai ya nema. Mai rauni a hannu kuwa galibi a gaban idonsa abin ya faru, kuma kullum yana kallon tabon.

Shi ya sa hoton haɗarin kan riƙa dawo masa ido biyu ko cikin mafarki. Wani da ya ji ƙarar inji sai gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa. Wani kuma yakan sauya hanya don kada ya bi ta inda abin ya auku.

Idan waɗannan alamu suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci na kiran yanayin PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin jerin cututtuka.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi. Da dama ake cin abinci, da ita ake musabaha, da ita ake miƙa wa babba abu. Magidancin da ya rasa ta yakan janye daga cin tuwo a zaure, ya rage zuwa ɗaurin aure, domin kowace gaisuwa sai ya yi bayani.

Wanda ya saba ciyar da gida kan wayi gari wani ke ɓalla masa maɓallin riga, ko ya zuba masa ruwan alwala. Mace kuwa daka da tuƙi da goyo ne kan gagare ta, ga fargabar abin da hakan zai jawo wa aurenta.

Malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai rauni, kamar shafa a kan bandeji, da wanke abin da ya rage na gaɓa, da taimama. Sanin wannan da wuri kan rage wa majinyaci wani sashe na damuwarsa.

Ciwon hannun da babu shi

Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu kan ci gaba da jin kamar yana nan, har da ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da babu su. Wasu kan ɓoye, don gudun a ce iska ce ko taɓin hankali.

Ba ko ɗaya ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ba ta daina lissafi da hannun ba. Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya bayyana lamarin a 1871 bayan ya duba sojojin yaƙin basasar ƙasar. A shekarun 1990 kuma V. S. Ramachandran ya fito da dabarar madubi, inda majinyaci ke kallon hoton lafiyayyen hannunsa yana motsi, abin da kan sassauta wa wasu zafin.

Inda ake samun taimako

Masu zuwa dubiya kan ce "Allah ya sa kaffara ne", kuma addu'ar na sanyaya zuciya. Matsalar ita ce yadda wasu ke ɗaukar duk wani koke bayan nan a matsayin ƙarancin tawakkali, sai majinyaci ya yi shiru.

Likitoci na shawartar a nemi magani idan ƙunci, da rashin barci, da ƙin abinci, da gudun mutane suka wuce mako biyu. Idan mutum ya fara maganar gara mutuwa, ba a jira.

Maganin ya haɗa da zama da ƙwararre ana tattaunawa, da ƙwayoyi idan an ga dama, da komawa bakin aiki sannu a hankali. Kula da damuwar na taimaka wa hannun ma, domin wanda ya fid da rai ba ya jure wa gashin ƙashi, kuma jijiyar da aka ɗinke ba ta tsiro fiye da kusan milimita 1 a rana.

Manyan cibiyoyin dai suna birnin Kano: asibitin ƙashi na Dala da aka kafa a 1959, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ga mutumin Kurugu, kowace ganawa na nufin kuɗin mota da asarar yini guda.

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar ƙwaƙwalwa a matsayin abin biyan diyya, kuma a 2023 aka sanar da sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai manomi ko yaron inji da ba shi da takardar ɗaukar aiki da wuya ya ci moriyar diyyar.