Labarin Ƙaramin Gajimare

Mai karatu, da kaka, a daren da babu farin wata, ka fita bayan gari ka dubi sama wajen arewa. In ka lura da kyau, za ka ga wani ɗan haske dishi-dishi, kamar hayaƙi. Sai da mutane suka yi kusan shekara 1000 suna neman sanin ko mene ne shi.

A shekara ta 964, wani malami na ƙasar Farisa, Abdurrahman As-Sufi, ya rubuta littafi a kan taurari. A ciki ya ambaci wannan haske, ya kira shi ƙaramin gajimare. Yau sunansa Andoromeda.

A 1610, Galileyo, mutumin Italiya, ya duba farar hanyar nan da ke ratsa sama da madubin hangen nesa. Sai ya ga ashe taurari ne birjik, ba su ƙidayuwa. Rana tamu ma tauraro ce, ɗaya daga cikin wannan babban garke.

To, ƙaramin gajimaren fa? A cikin garkenmu yake, ko a waje? Masana suka daɗe suna gardama, don babu igiyar da za ta auna nisan sama.

Wata mace a Amurka, Henrietta Leavitt, ita ta samo ma'auni a 1912. Akwai taurari masu ƙara haske su rage, su kuma ƙarawa. Ta gane cewa wanda ya fi jinkiri wajen wannan juyi, shi ya fi ƙarfin haske. Ka san in ka san ƙarfin fitila, dusashewarta za ta gaya maka nisanta.

A 1923, Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a cikin gajimaren. Ya yi lissafi, ya tarar yana can nesa, a wajen garkenmu. Ashe wani garken taurari ne mai zaman kansa! Irinsa kuwa akwai dubban miliyoyi.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa gonarka minti 8 yake yi. Amma hasken Andoromeda ya yi shekara miliyan 2 da rabi a kan hanya. Ka ga ke nan, abin da idonka ke gani tsohon labari ne ƙwarai.

In kaka ta zo, ka nuna wa yaranka shi, ka ba su labarinsa.