Maki 2 da Maki 139: Tarihin Rigimar Jarrabawar Bai-ɗaya, daga Legas zuwa Danchuwa

A shekarar 2013 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da mafi ƙarancin makin da yaro zai ci kafin a ɗauke shi a kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai. Jarrabawa ɗaya yaran suka zauna, tambayoyi iri ɗaya, a kan maki 200. Ɗan jihar Anambra sai ya ci 139. Ɗan jihar Yobe kuwa, idan namiji ne maki 2 ya ishe shi, idan mace ce 27. A Zamfara namiji 4, mace 2.

Jaridun Kudu suka yi caa. Olisa Agbakoba, tsohon shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a watan Nuwamba na 2014 kuma Mai Shari'a John Tsoho ya yanke cewa bambanta maki bisa jihar da yaro ya fito ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin bai kashe maganar ba, domin ta girmi kowa da ke cikin kotun.

Kafin a kafa hukumar jarrabawa a Afirka ta Yamma, daga Ingila takardu suke zuwa, daga jami'o'in Kambirij da Landan, a can kuma ake duba su. Su wa suke zaman wannan jarrabawa? Legas ta samu makarantar sakandare ta 'yan mishan tun 1859. A Arewa sai 1909 Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano, Kwalejin Katsina kuma sai 1922. Turawan mulki sun takura wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, su kansu kuma ba su gina makarantu da yawa ba. Saboda haka lokacin da aka kafa WAEC a 1952, bisa rahoton Dakta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan, wani ɓangaren ƙasar ya riga ya ba wani ratar shekaru sittin ko fiye. Jarrabawar ta tarar da ratar ce, ita dai ta mayar da ita lamba da kowa zai iya karantawa.

Daga nan duk hukumar da aka kafa, wata matsala ce ta haife ta. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kasuwa kafin ranar jarrabawa, abin da ya kai ga kafa kwamitin bincike na Sogbetun. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa JAMB, domin a da kowace jami'a ita take shirya jarrabawarta, wani ya samu gurbi a wurare uku, wani ya tashi a tutar babu. Gwamnatin Janar Buhari ta kafa doka a 1984 mai ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, satar ba ta daina ba. A 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya kafa NECO, da hedikwata a Minna, don rage wa WAEC lodi. Da jami'o'i suka daina yarda da makin JAMB, sai aka ba su dama a 2005 su sake tantance ɗalibai da kansu. Ministan Ilimi Adamu Adamu ya soke wannan a 2016, aka dawo da shi a 2017.

An taɓa gwada rage wa jarrabawar rana ɗaya ƙarfi. Tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya zo da auna ɗalibi a kai a kai cikin aji, a haɗa da sakamakon ƙarshe. Tunani ne mai kyau. Sai dai malamin da ke gaban yara fiye da ɗari ba zai iya auna kowa ba, makarantar da ke neman suna kuma ba ta rowar maki. Wannan ne ma hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan jarrabawar bai-ɗaya: mai duba takarda a wani gari bai san ɗan hakimi ba, bai san ɗan talaka ba.

To, mu dawo gida. Danchuwa da Mamudo duk a ƙaramar hukumar Potiskum ta jihar Yobe suke. A ranar 6 ga Yuli, 2013, wato shekarar da ake yi wa Yobe dariyar maki 2, 'yan Boko Haram suka afka wa sakandaren gwamnati ta Mamudo, suka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. Gwamna Ibrahim Gaidam ya rufe makarantun sakandaren jihar. A Fabrairun 2014 aka kashe yara 59 a kwalejin tarayya ta Buni Yadi, ɗaya daga cikin makarantun haɗin kan da ake shari'a a kansu a Legas. A ranar 10 ga Nuwamba, 2014, watan da kotu ta yanke hukuncinta, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wurin taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da sakamakon WAEC na 2015 ya fito, Yobe ce ta ƙarshe a ƙasar, waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya karanta wannan lamba bai tuna da waɗancan ranaku ba, ya zalunci yaran.

Amma kada mu fake da rikici. Kafin a harba harsashi ko ɗaya, firamaren karkara a wannan yanki tana fama da ƙarancin malamai, yaro yana magana da Karekare ko Ngizim ko Bolanci ko Fillanci a gida, da Hausa a kasuwa, sannan a tambaye shi komai da Turancin da malaminsa ma bai ƙware ba. Gwamna Mai Mala Buni da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare da ya hau mulki a 2019.

Shin maki 2 gata ne? A ganina shaida ce a kanmu. Makin yana faɗuwa ƙasa haka ne saboda masu zaman jarrabawar daga irin waɗannan jihohi ba su da yawa, ana neman cike gurbin jiha ko ta halin ƙaƙa. Kuma wanda ya fi cin moriyar rangwamen shi ne ɗan ma'aikacin da ke karatu a makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, mai takardar shaidar asalin Yobe a aljihu. Yaron Danchuwa da ba a saya wa fom ba, ko an mayar da makin sifili ba abin da zai ƙara masa. Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ta Potiskum ya san cewa rage girman mudu ba ya ƙara gero a buhu.

Yanzu rigimar ta koma kan kwamfuta. JAMB ta daina amfani da takarda tun 2015, a 2025 kuma shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. A shekarar ne gwamnatin tarayya ta ce WAEC da NECO ma za su bi sahu daga 2026, Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030. Ɗalibin ƙauyen da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, abu biyu ake auna masa lokaci guda, ɗayan kuma ba a koya masa ba.

A bar jarrabawar bai-ɗaya, domin ba mu da wani ma'auni da ya fi ta gaskiya. Abin da ya kamata iyayen Danchuwa su riƙa tambayar kansila da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a kowace shekara shi ne: yara nawa aka yi wa rajista daga firamarenmu, nawa suka ci, kuma malamai nawa aka turo?