Daga Zabirar Wanzami Zuwa Jakar Silikon

Katabu gari ne na bakin hanya. Yana kan babban titin Kaduna zuwa Zariya, daidai inda hanyar Pambeguwa da Jos ta ɓalle, don haka tun da can duk abin da ya shigo kasuwar Kaduna ba ya daɗewa bai iso nan ba. Yanzu ma ba a jiran mota, waya ce ke kawo haja har cikin ɗaki. Cikin hajar da ta fi yawo a wayoyin mata akwai ta gyaran jiki: garin hulba da alkama, man shafawa, ƙwayoyi, allurai, sai kuma na baya-bayan nan, wato tiyatar ƙara girman mama, wadda ake tallata yin ta a Abuja ko Legas, ko a haɗa wa mace biza da masauki ta tafi Turkiyya ko Masar. Masu tallar suna nuna hoton ranar da aka shiga da na ranar da aka fito. Tarihin wannan sana'a kuwa, na gida da na waje, yana nuna cewa waɗannan ranaku biyu su ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin lamarin. Kowace dabara da aka taɓa fitowa da ita an yabe ta a ranar da ta zo, aibinta bai bayyana ba sai bayan shekaru, kuma a jikin mata ya bayyana. Abin da ya raba aikin ƙwarai da na ɓarna a kowane zamani shi ne ko akwai wanda za a kama idan an kwana biyu.

A ƙasar Zazzau, wadda Katabu ke cikinta, taɓa jikin mutum da ƙarfe ba baƙon abu ba ne. Wanzami yana yawo da zabirarsa, a ciki akwai aska da ƙaho da 'yan ƙarafan cire beli. Shi ke aske jariri ranar suna, shi ke yin kaciya, shi ke yin tsagar gado, kuma shi 'yan mata ke zuwa wa idan suna son zanen ado a fuska ko a wuya. Abin da ya shafi cikin ɗaki kuma, kamar gyaran amarya da kula da mai jego, yana hannun ungozoma da tsofaffin gida. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, zai ga yadda aure da haihuwa da reno suke tafiya a hannun manyan mata. Ba za a ce aikin waɗannan mutane ba shi da haɗari ba, aska ɗaya ce ke bi ta kan yara da yawa. Amma wanzamin gidanku ɗan wanzamin kakanku ne, an san ƙofar gidansa, yana da Sarkin Aska a samansa, kuma idan ya ɓata aiki a unguwa, tuwonsa ya ɓata. Wannan tsoron shi ne dokar sana'ar kafin a san wata hukuma.

Sai dai sanin fuskar mai aiki kaɗai ba ya wadatarwa, kuma hujjar wannan daga Zariya ta fito. Shekara da shekaru mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, tana shan kunun kanwa har ta yi arba'in. Masu yi mata haka uwarta ce da kakarta, ba su nufe ta da komai ba sai alheri. Idan ta kumbura ta mutu, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ta gaba wuta. Sai da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu ciwon zuciya bayan haihuwa suka buga sakamakon a 1978, sannan aka ga alaƙar da ke tsakanin gishirin da ke cikin kanwa, da zafin, da gazawar zuciya. Kowace tsohuwa ta ga mace ɗaya ko biyu, babu wadda ta ga ɗari biyu a jere. Ƙidaya da rubutu ne suka tona abin da ido bai gani ba.

Tarihin ƙara girman mama a Turai ma haka ya tafi, sai dai ya fi muni don kuɗi sun shiga ciki. Aikin farko da aka rubuta shi ne na Vincenz Czerny a Heidelberg ta Jamus a 1895. Ya cire wa wata mata ƙari daga mamanta, ya ga gurbin ya lotsa, sai ya ɗebo wani kumburin kitse da ke bayanta ya cike wurin. Gyara ne na abin da cuta ta ɓata, da naman jikin mai shi. Waɗanda suka biyo baya ba su tsaya nan ba. Bayan Robert Gersuny na Biyana ya fara allurar farafin, irin kakin da ake yin kyandir da shi, likitoci suka riƙa ɗura shi a maman mata. Watannin farko abin gwanin sha'awa, daga baya kakin ya dunƙule ya zama duwatsu, ya yi gyambo, wasu matan sai da aka yanke musu maman gaba ɗaya. An gwada ƙwallon gilashi, an gwada hauren giwa, a shekarun 1950 aka koma soson roba wanda ke ƙanƙancewa ya taurare a cikin jiki. A Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga yi wa mata allurar ruwan silikon na masana'anta, salon ya tsallaka Amurka, ya yi ɓarnar da ta sa jihar Nebada ta haramta shi a 1975.

Jakar silikon da aka sani a yau ta samo asali ne a birnin Houston na jihar Texas a 1962, a hannun likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, tare da kamfanin Dow Corning. Dabararsu ita ce a zuba silikon mai kauri a cikin 'yar jaka don kada ya malale cikin nama. A jikin wata karya suka fara gwadawa. Mace ta farko da aka saka wa, Timmie Jean Lindsey, mai 'ya'ya shida, ba don wannan ta je asibiti ba, ta je ne a goge mata wani zane da ke ƙirjinta. Likitocin suka lallashe ta, ita kuma ta ce ta yarda in za su gyara mata kunnuwanta da suka buɗe. Da wannan ciniki aka buɗe ƙofar da mata miliyoyi suka bi. Dokar da ta bai wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ikon sa ido kan kayan da ake dasawa a jiki ba ta zo ba sai 1976, kuma ko da ta zo, ta bar kayan da suka riga ta shiga kasuwa suna tafiya. Sai a 1992, shekara 30 cif bayan saka jakar farko, shugaban hukumar David Kessler ya dakatar da amfani da jakar silikon don ado, bisa dalilin cewa kamfanoni ba su kawo hujjar rashin illarta ba. Ƙararraki suka yi wa Dow Corning rubdugu har ya bayyana karyewarsa a 1995.

A nan mai kare sana'ar zai ce ai wancan zamani ya wuce, kuma yana da gaskiya har wani wuri. Babban binciken da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 1999 bai sami hujjar cewa silikon na haddasa manyan cututtukan garkuwar jiki da ake zargi ba, a 2006 kuma aka mayar da jakar kasuwa ga matan da suka kai shekara 22. Jakar yau ta fi ta da ƙwari, akwai kuma ta ruwan gishiri wadda idan ta fashe jiki ke shanye ruwan. Amma wancan binciken da kansa ya ce matsalar da ta fi yawa a wurin aikin take. Jiki yakan gina wa baƙon abu katanga ta tabo, wani lokaci katangar ta matse jakar har mama ya taurare ya karkace yana ciwo. Jaka takan yage, wani lokaci ba tare da mai ita ta sani ba. Kuma sabon zamanin bai hana tsohuwar ha'inci dawowa ba. A 2010 Faransa ta gano cewa kamfanin PIP na Jean-Claude Mas yana cika jakunkunansa da silikon na masana'anta, alhali yana ɗauke da hatimin ingancin Turai. Kimanin mata 300,000 a ƙasashe 65 ne suka ɗauki wannan kaya, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu a 2013. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya daga duniya baki ɗaya, bayan FDA ta ƙirga mutum 573 da suka kamu da wata sankara da ke tasowa a katangar tabon nan, 33 daga ciki sun mutu. Adadin kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu ɗauke da jakar, amma abin lura shi ne inda aka samo shi: ƙasashen da ke rubuta sunan kowace jaka da lambarta da wadda aka saka wa. Tun 2021 dokar Amurka ta tilasta a gaya wa mace ƙarara cewa wannan kaya ba na har abada ba ne, kuma shawarar hukumar ita ce mai jakar silikon ta yi hoton ciki bayan shekara biyar zuwa shida, ta riƙa maimaitawa duk bayan shekara biyu ko uku.

To, a ɗora wannan a kan rayuwar matar Katabu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwa 6.6 a matsakaici, kuma goyo a nan yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowane ciki yana cika mama, kowane yaye yana sauke shi, jakar kuwa tana nan yadda aka saka ta, don haka siffar da aka biya kuɗi dominta ba lallai ta tsira daga haihuwa biyu ba. Mata da yawa masu jaka suna shayarwa lafiya, amma yankan da aka bi ta gefen kan nono yana iya rage ruwan. Wadda ta yi aikin a ƙasar waje ta dawo bayan mako biyu, idan ɗinki ya ruɓe ko zazzaɓi ya taso, likitan da ya yi mata yana wata nahiya, dillaliyar da ta haɗa tafiyar kuma ta canza lamba. Nisa da tsada ma ba garkuwa ba ne. Uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a Marbella ta Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci a 2009. Iyalinta sun iya bin shari'a ta shekara huɗu a Turai, wanda ba kowane gida ne zai iya ba.

Wasu za su ce to a bar wuƙa a koma na gargajiya. Kunun alkama da hulba da aya da dabino abinci ne, wadda ta sha ta yi ƙiba mamanta zai ɗan ciko, domin akasarinsa kitse ne, iyakar aikin ke nan. Haɗarin yana cikin abin da ake sayarwa da sunan gargajiya alhali ba shi ba ne, irin ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe. Cikinsu akan sami maganin kumburi mai ƙarfi irin su deksametason, wanda ke tara ruwa a fuska da ciki, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Allurar da ake yi wa mata a ɗakunan gyaran jiki kuwa, ba tare da sanin abin da ke cikin sirinjin ba, komawa ce zamanin farafin kai tsaye. Mai wannan haja ba ta da Sarkin Aska a samanta, ba ta da rajista, ko ƙofar gida ba ta da ita. A ganina ita ce mafi haɗari a duk wannan kasuwa, ta fi wanzamin jiya, ta fi likitan yau.

Akwai kuma masu ganin cewa addini ya riga ya rufe maganar, don haka duk wannan bayani ɓata lokaci ne. Gaskiya ne malamai sun hana sauya halittar da take lafiya don bin son zuciya, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta jaddada haka a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007. Amma a wannan matsayar dai ta halatta gyaran abin da cuta ko haɗari ko nakasar haihuwa suka ɓata, har da sake gina mama bayan an cire shi. Malamai sukan kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Yawancin aikin likitocin gyaran jiki a Arewa ma irin wannan ne: ƙuna, da tsagaggen leɓe, da ciwon da ke cin fuskar yara wanda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Matar da sankara ta raba da mamanta tana da haƙƙin ta san tarihin jakar da za a saka mata. Ita ma wadda gorin miji ko fargabar kishiya ke turawa, shirun da ake yi ba ya hana ta, sai dai ya sa ta yi a ɓoye, kuma a ɓoye ake faɗawa hannun 'yan damfara. Mazan da ke furta irin wannan gori ga matar da ta shayar musu da 'ya'ya biyar su ma suna da kaso a alhakin.

'Yar'uwa mai wannan tunani, kafin ki tura wa kowa kuɗi, ki bi titin da ya ratsa Katabu zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko ki je asibitin Dala a Kano, ki zauna da likitan fiɗa wanda sunansa ke cikin rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Ki tambaye shi sunan kamfanin jakar da lambarta, ya ba ki a rubuce, ki tambayi wanda zai duba ki bayan shekara biyar, da abin da cirewa ko sauyawa zai ci. Idan kuɗin da ke hannunki na aiki ɗaya ne kawai, ba su kai ba tukuna, domin wadda aka saka wa jaka tana da shekara 25 da wuya ta tsufa ba a sake kwantar da ita a kan gadon tiyata ba.